Baƙon Inna da Motar Baba

Jama'a, ku bari in gyara zama, don labarin yau ko yanzu na tuna shi sai in ji dariya da kuka sun zo min lokaci ɗaya. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Haula, 'yar Malam Hamissou direba, mutumin Maraɗi, muna zaune a Woodbridge ta jihar Virginia. Wanda ya hana zuciyata sukuni kuma sunansa Mu'awiya, Bakano, mai gyaran kwamfuta a wani ofis cikin Washington, mai son waina kamar a gindin tanda aka haife shi. A filin Idi na Takoma Park muka haɗu, ya taka min gefen mayafi, ya tsaya ba da haƙuri har ya wuce misali, kuma har yau bai gama ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, don ba a ba ni izini ba sai yanzu. A farkon shekarar 2010 abubuwa suka cuɗe wa Baba. Aikinsa shi ne kai mutane filin jirgin sama da wata farar mota mai kujeru da yawa, wadda ya ɗauka bashi daga wani kamfani. Fasinja suka ragu, ga kuɗin gida, ga na mota, har ya kai Baba ya daina cin abinci da mu, sai dai ya ce ya ƙoshi a waje. Da ƙyar abokinsa Malam Abdou ya ja shi wurin wata lauya a Alexandria mai suna Pauline, doguwar mata mai furfura a gaban goshi. Ni ce tafinta, don Baba Faransanci ya iya, Turancinsa iyakarsa na hanya ne da na fasinja.

Pauline ta ce za ta shigar da takardun karayar arziki a kotu, a tsara masa biyan bashin a hankali, gida da mota su tsira. Ta kuma ɗaga yatsa ta ce in fassara wannan da kyau: daga ranar da takardun suka shiga, doka ta ɗaure hannun duk mai bin sa bashi. Ba kira, ba wasiƙa, ba zuwa ƙofar gida, balle a taɓa mota, sai da izinin alƙali.

Baba ya dube ni ya ce, "Wace irin doka ce wannan? Mutum na bin ka haƙƙinshi a ce kada ya tambaye ka?"

"Haka take, Baba."

"Amma dai zan biya ko? Tambaye ta. Ba ni son in mutu da kuɗin kowa a wuyana."

Sai da ta tabbatar masa zai biya ta hannun kotu sannan ya sa hannu. A hanyar komawa gida muka maƙale a cunkoson babban titin nan namu da ba ya rabo da cunkoso, Baba ya rage rediyo ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Wannan magana daga ni sai ke sai uwarki. Ranar da mutanen yaron nan sunka ji, ranar maganar aurenki ta mutu. Ba ni zama gaban surukai ina sunkuyar da kai."

Kun san Baba ba ya maimaita magana. Kuma don Allah ku dubi wanda zai zo nema wa Mu'awiya aure: Kawu Ubale na Upper Marlboro, ma'aikacin sashen Hausa na gidan rediyo, mutumin da sana'arsa ke nan gaya wa duniya abin da ya faru. Baba da kansa kullum yana sauraron muryarsa a mota. Haka na yi ta hira da Mu'awiya wata da watanni, yana tsara mana irin labulen da za mu sa a falo, ni kuwa ina haɗiye magana kamar ƙashin kifi.

Aka sa wata Asabar za su zo gaisuwa. Tun asuba Inna ta tashi gidan. Ta yi dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, ta soya waina saboda wanda kuka sani, ga miyar taushe, ga zoɓo a cikin manyan kwalabe yana sanyi a firji. Turaren wuta kuwa sai da na'urar hayaƙi ta yi ƙara, muka ɗaura mata tawul. Inna ta sha shaddarta ruwan goro wadda ba ta fitowa sai da dalili, ta kafa ɗaurin nan na matan Maraɗi. Baba ya bar motarsa a ƙofar gida, ya shiga ta Malam Abdou zuwa shagon nama, don shi Malam Abdou ne zai zama wakilinmu, tunda Baba ba shi da ɗan'uwa a ƙasar nan. Ni kuma ina sama, na shafa jan lalle a ƙafafuna na ɗaure su da leda, ina zaune a bakin gado kamar mai jinya, leshina mai ruwan zuma yana rataye a jikin ƙofa.

Saƙon Mu'awiya ya shigo: "Kawu yana neman hularsa. Mun kusa tasowa. Na ce wa abokin nan nawa na ofis ya zo ya ci waina, ƙila ya riga mu isowa, ku karɓe shi."

Na leƙa ta saman bene na ce, "Inna, abokin Mu'awiya zai zo, baƙar fata ne ɗan nan ƙasar, ba ya jin Hausa."

"To, Allah ya kawo shi lafiya."

Wallahi da bakina na faɗa. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina jin Inna tana ta "Welkom, welkom, sit dawun," na ji ƙarar kofi, na ji muryar namiji yana ƙoƙarin yin bayani, Inna tana katse shi da "It, it!", wato ya ci abinci. Na yi murmushi na ci gaba da duba waya. Sai na ji an tayar da mota a ƙofar gida, kuma ni ƙarar motar Baba ko cikin barci na san ta. Na ja jiki zuwa taga. Farar motarmu ce take fita daga layi, wata ƙaramar mota tana bin ta a baya.

Ban san lokacin da na sauko ba. Ledar ƙafata tana ƙara, lalle yana tsiyaya a kan kafet ɗin da muka wanke jiya.

"Inna! Wa ya ɗauki motar Baba?"

"Abokin yaron mana. Yaro mai kunya, da ƙyar ya sha zoɓo. Ya ce kii, kii, na gane lakile yake so, zai gyara fakin don baƙi su samu wuri. Na ɗauko mishi bisa ƙusa."

Lakile, wato makulli, haka ake ce masa a gidanmu. A kan tebur, kusa da kofin zoɓon da aka sha rabi da waina biyu da ba a taɓa ba, ga wata takarda mai tambarin kamfanin da ya ba Baba motar. Na karanta layin farko kawai, na gane ƙwace motar suka zo yi. Na fita da gudu har bakin titi, a haka, da leda a ƙafa da zanin wanka, wata baturiya maƙwabciyarmu tana yawo da karenta ta tsaya tana kallona. Mota ta riga ta sha kwana.

Da na yi wa Inna bayani, ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a ƙasan kicin da shaddar tata, ta ɗora hannu biyu a ka. "Da hannuna," take ta cewa. "Da hannuna na miƙa mishi, Haula. Har ina ce mishi ya ƙara waina."

A haka Baba ya same mu, riƙe da ledar nama, Malam Abdou a bayansa. Ya riga ya ga wurin fakin fayau. Ya saurari Inna har ta gama, bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ya ajiye naman a kan kanta a hankali ya ce, "Bon, shi ke nan. Sun cika alkawarinsu."

"Wane alkawari, Baba?"

"Sun daɗe suna kira. Sun ce in ban kawo kuɗi ba za su zo."

"Suna kira? Bayan mun je kotu? Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗi mi? Mutum na bin ka, ya kira ka, sai ka kai ƙararshi? Haƙuri nake ba su, in ce musu in sha Allahu."

Na ji kamar in kurma ihu. Ashe duk fitar da yake yi bayan gida da waya a kunne, yana dawowa fuska a yamutse, wannan ce. Ita Pauline ta ce doka ta ɗaure musu hannu, shi kuwa Baba kunya ta ɗaure masa baki, su kuma suka gane haka suka yi ta taka shi.

Ya juyo ya ce, "Ki kira mutanen yaron nan ki ce an ɗaga. Ki ce ba ni da lafiya. Ba ƙarya kinka yi ba." Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Na hau sama da waya a hannu. Pauline na fara kira, don ta taɓa ba ni lambarta ta ce ko ranar hutu ce in kira. Tana cikin kasuwa, ina jin ƙarar keken kaya. Da na gama, sai ta tambaye ni ko sun bar saƙon murya a wayar Baba. Na ce ban sani ba. Ta ce kada a goge ko ɗaya. Ta ce kotu ta aika wa kamfanin sanarwa tun a makon farko, ita ma ta aika musu, don haka ba su da bakin cewa ba su sani ba.

Na ce, "Amma mahaifiyata ce ta ba shi makullin da hannunta."

"Ko da ta ɗaura masa kintinkiri ta ba shi," in ji Pauline, "ba shi da ikon zuwa ƙofarku ya tambaya. Ki gaya mata ba ita ta yi laifi ba. Su ne suka karya doka, kuma za su dawo da motar."

Na sauko na gaya wa Inna kalma bayan kalma. Ta ɗago ido jawur ta ce, "Abin da mutum ya bayar da hannunshi ana karɓo shi?" Na ce a nan ana karɓowa. Ba ta yarda ba, amma ta tashi daga ƙasa.

Saura Mu'awiya. Na rubuta "Baba ba shi da lafiya, an ɗaga," na zauna ina kallon saƙon. 'Yan'uwa mata, ku gaya min, in na tura wannan, ranar da aka sake sawa kuma me zan ce? In kotu ta kira mu fa? Shekara nawa zan yi ina yi wa mutumin da zan aura ƙarya a kan gidanmu? Tsoron Baba nake ji ƙwarai, amma na gaji. Na goge. Na rubuta masa komai, tun daga ofishin Pauline har zuwa zoɓon Inna, har da abin da Baba ya ce zai faru in sun ji. Na rufe ido na tura.

Na fara zargin kaina. Sai ga amsa: "Mun riga mun haye gadar shiga Virginia. Kawu ne ya karanta min saƙon don ina tuƙi. Ya ce ba ya juyawa da yunwa." Wani saƙon ya biyo baya: "Wato duk watannin nan ke kaɗai kike ɗauke da wannan? Za mu yi faɗa, amma ba yau ba."

Kawu ne ya karanta! Na dafe ƙirji. Na kwance ledar ƙafata, lallen ya kama rabi ya bar rabi, na zura leshin ba tare da na kalli madubi ba.

Suka iso su huɗu, har da abokin ofis na gaskiya, wani siriri mai tabarau wanda Inna ta ƙare wa kallo tun daga sama har ƙasa kafin ta bar shi ya shigo. Ni ina laɓe a saman bene inda ake jin komai. Malam Abdou ya karɓe su, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka yi addu'a. Sai na ji muryar nan da kowa ya sani a rediyo ta ce, "Malam Abdou, na san ba al'ada ba ce uban yarinya ya zauna, amma ina roƙon arziki a kira min Malam Hamissou mu gaisa."

Baba ya fito, don ba zai iya ƙin baƙo ba. Ya sa farar rigarsa, fuskar nan ba annuri.

Kawu Ubale bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Malam, yarinyarka ta gaya mana abin da ya faru yau, da abin da ya faru kafin yau. Kada ka yi fushi da ita. Mu Haula muka zo nema, ba mota ba. Mutumin da ya je gaban alƙali don a tsara masa yadda zai biya mutane haƙƙinsu, ni ban ga abin sunkuyar da kai a nan ba. Kuma abin da na ji a gidan nan, a gidan nan zan bar shi. A ofis ma sai an biya ni nake ba da labari."

Malam Abdou ya yi dariya, abokin ofis ma ya taya shi ba tare da ya san me aka ce ba. Baba bai yi ba. Cewa ya yi, "Na ji. Na gode," ya koma ɗaki. Malam Abdou ya rufe taron da cewa za a yi shawara. Suka ci abinci sosai, Mu'awiya ya turo min saƙo daga falo cewa wainar ta fi ta kullum.

Lahadi Baba bai kula ni ba. In na gaishe shi ya ce "lafiya" ya kau da kai. Ya zauna a falo tun safe, mutumin da bai saba zama ba, yana kallon wurin da motar take tsayawa ta taga. Fasinjojinsa suna kira yana tura su wurin wasu direbobi. Da zan karɓi wayarsa don in kai wa Pauline, a kan tebur ya ajiye min, bai miƙo min a hannu ba. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Ranar Litinin a ofishin Pauline muka buɗe saƙonnin murya. Ashe Baba bai iya gogewa ba, duk suna nan jere. Wata murya tana cewa kotu ba ta shafe su ba, wata tana cewa sun san inda yake ajiye mota. A wani saƙon ma mutumin da bakinsa ya ambaci lambar shari'ar Baba, yana cewa ba ta dame shi ba. Pauline ta cire tabarau ta ce, "To, ya taimake ni." Ta kira lauyan kamfanin a gabana. Ban taɓa jin mace tana magana a hankali haka ba kuma mutum yana rawar murya a ɗaya gefen. Ta ce ko su dawo da motar, ko su je su yi wa alƙali bayani, kuma ko sun dawo da ita za ta nemi su biya Baba aikin da suka sa ya rasa.

Talata da hantsi ina kicin ina wanke-wanke sai na ji Inna ta rangaɗa guɗa. Guɗa, a Woodbridge! Na leƙa. Ga farar motar Baba a wurinta, an ma wanke ta, carbinsa yana nan rataye a madubi. Wani ma'aikacin kamfanin ya miƙa wa Baba makulli da hannu biyu, ya sa shi ya zagaya ya duba ko akwai abin da ya lalace. Inna tana bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Ashe ana karɓowa. Ashe ana karɓowa." Ni kuwa na jingina da bango na sauke wata ajiyar zuciya da na riƙe tun ranar Asabar.

Baba ya buɗe mota ya zauna, ya shafa sitiyari. Sai ya sauke gilashi ya ce, "Haula. Zo."

Na shiga gaba na zauna a takure, hannuna duk kumfa. Bai tayar da motar ba. Kafin ya yi magana wayarsa ta yi ƙara, lambar kamfanin ce, na gan ta. Na ga yadda kafaɗunsa suka sunkuya da kansu, irin na wanda ya saba. Ya miƙo min, a hannu wannan karon, na sa a lasifika. Wata mata ce, ta ce ita ce shugabar sashen, lauyarmu ta ba ta izini ta kira sau ɗaya. Ta ce abin da aka yi kuskure ne babba, ba za a sake kiran sa ba, kuma tana ba Mista Hamissou haƙuri a madadin kamfanin.

Na fassara. Baba ya ce in maimaita ƙarshen. Na maimaita.

"Ni sunka ba haƙuri," ya ce a hankali. "Ni da suke bi bashi." Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na yi sauri na kalli taga don kada ya san na gani.

"Kin saɓa min magana, Haula."

"Na sani, Baba. Ka yafe min."

"Ban ce ki yi magana ba." Ya murɗa makulli, motar ta tashi da ƙararta ta kullum. Ya saurare ta kamar mai sauraron gaisuwa, sannan ya gyara madubi. "Kira yaron nan. Ki ce ya gaya wa kawunshi su kawo goro ran Juma'a bayan masallaci."

Wayar tana hannuna, kumfa ta bushe a yatsuna.

"Kuma ki ce kada su wahalar da kansu da tuƙi," in ji Baba. "Ni zan je Upper Marlboro in ɗauko su."